TASWIRAR HAƊARIN GOBARAR DAJI DA HAKKIN MAI GIDA

Jawabin da wani Jami'in Watsa Labarai na Gwamnatin Tarayya ya yi wa taron hakimai, dagatai, masu unguwanni da sauran jama'a a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba.



Ga shi ruwa ya ɗauke, ciyawa ta soma yin fari, nan da 'yan makonni kuma iskar hunturu za ta kankama. Duk wanda ya saba tafiyar dare a hanyar Zing, ko ta Bali, ko ta Mutum Biyu zuwa Wukari, ya san abin da zai riƙa gani daga watan Nuwamba har zuwa Maris, watau wuta a jere bisa duwatsu kamar an kunna fitilun birni. Mun saba da ita har mun daina ganinta. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan adam kuwa sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙasar da wuta ke ci a duniya kowace shekara a nahiyarmu ta Afirka take, galibi a irin dajinmu mai dogayen ciyayi.

Amma ba na zo ne in maimaita muku gargaɗin da kuka gaji da ji ba, cewa a daina ƙona daji. Maganar da na zo da ita ta shafi mai gida ne da gidansa. A waɗansu ƙasashe hukuma takan auna ƙasa fili-fili, ta ce wannan wuri haɗarin gobarar daji a cikinsa kaɗan ne, wancan matsakaici, wancan kuma mai tsanani, ta zana taswira mai launi-launi, sa'an nan ta aika wa mai gida takarda ta sanar da shi matakin da aka sa gidansa. Tun da wuri bari in faɗi, kada wani ya fita daga ɗakin nan ya ce an zo da sabuwar doka: ban zo da sanarwar an zana wa Jalingo irin wannan taswira ba. Sai dai kayan aikin zana ta sun yi araha, tauraron ɗan adam yana ɗaukar hoton wutar dajin da ke tashi a jihar nan, garuruwanmu kuma suna ta kutsawa cikin daji. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, akwai inda aka yi wannan aiki ya zama rigima, ya kamata mu san abin da ya faru can.

Me ya haɗa mu da wannan magana?

Tun da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mai da Jalingo mazauninsa a 1893, garin bai taɓa bunƙasa da sauri kamar yadda ya yi bayan 27 ga Agusta, 1991, ba, ranar da aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola. Ma'aikatu suka zo, ma'aikata suka biyo su, aka buɗe jami'ar jiha a 2008. Dattawan da ke zaune a nan sun san wuraren da suka yi noma ko farauta suna samari, yau duk gidaje ne. Ku fita wajen Kona, ko Mayo Dasa, ko Nukkai, ku dubi bakin gari. Za ku ga gidan bulo mai rufin kwano, kusa da shi kangon fili wanda gamba da ƙyasuwa suka fi mutum tsawo a cikinsa, mai filin yana Abuja ko Yola, shekara uku bai leƙo ba. Bayan wannan kuma gonar dawa ce da ba a kwashe kara ba, bayanta sai daji. Wannan tsakani, inda gari bai gama zama gari ba, daji kuma bai gama tashi ba, shi ne wurin da masana gobara suka fi jin tsoro a ko'ina cikin duniya, shi ne kuma wurin da irin taswirar nan takan shafa wa jan launi.

Abin da ya faru a Oregon

Oregon jiha ce a arewa maso yammacin Amurka, mai yawan dazuzzuka. Ran 7 ga Satumba, 2020, wata busasshiyar iska mai ƙarfi ta taso musu daga gabas, kusan yadda hunturu ke zo mana, ta hura wutar daji ko'ina. Cikin 'yan kwanaki wuta ta ci fiye da eka miliyan ɗaya, ta ƙone gidaje sama da 4,000, ƙananan garuruwa irin su Talent da Phoenix suka yi hasarar unguwanni sukutum. A 2021 majalisar dokokin jihar ta yi doka, ta umurci ma'aikatar gandun daji da jami'ar jihar su zana taswirar da za ta nuna haɗarin wuta a kowane fili. Nufin dokar mai kyau ne: a san inda za a fi kashe kuɗin rigakafi, a kuma wajabta wa waɗanda ke wuri mai tsananin haɗari su share kewayen gidajensu, in za su yi sabon gini kuma su yi da kayan da wuta ba ta saurin ci.

Ran 30 ga Yuni, 2022, taswira ta fito. Aka raba filayen jihar, wajen miliyan 1.8, zuwa mataki biyar. Masu filaye kimanin 80,000 suka sami takarda ta gidan waya cewa an sa su a mataki mai tsanani, in ba su yarda ba suna da kwana 60 su ɗaukaka ƙara. Da yawansu ranar suka fara jin labarin akwai wata taswira. Gari ya ɗauki zafi, har aka soke wani taron bayani da aka shirya a garin Grants Pass saboda barazanar da aka yi wa ma'aikata. Ran 4 ga Agusta, watau mako biyar kacal bayan fitowarta, hukuma ta janye taswirar.

Koke-koken mutanen nan ya kamata mu saurara da kyau, domin da a nan ne, irinsu za a ji. Wani ya ce gonarsa ta ban-ruwa ce, shar take rani da damina, amma an sa ta cikin mataki mai tsanani. Wani ya ce shi an shafa masa ja, maƙwabcinsa da suke katanga ɗaya an bar shi. Wani kuma, wanda ni kokensa ya fi taɓa ni, ya ce ya kashe kuɗinsa ya sare itatuwan da ke jikin ɗaki, ya canja rufi, ya share kewaye, amma an sa shi mataki ɗaya da malalacin da bai taɓa ɗaukar lauje ba. Babu kuma wanda ya tako ƙafarsa ya dubi gidan. Kwamfuta ce ta haɗa lissafin iska, da zafi, da tudu da gangare, da irin ciyayin wurin, ta fitar da launi.

Babban abin da ya tayar da hankali shi ne kuɗi. A Amurka banki ba ya ba da rancen sayen gida sai gidan yana da inshora. Saboda haka gidan da kamfanin inshora ya guje shi ya zama kaya, ba ya sayuwa sai ga mai kuɗi a hannu, shi kuwa sai ya taya shi da wulaƙanci. A daidai wannan lokaci mutane da yawa suka ga an ƙara musu kuɗin inshora, waɗansu ma aka ƙi sabunta musu. Hukumar da ke lura da kamfanonin inshora a jihar ta ce kamfanonin sun shaida mata ba sa aiki da taswirar gwamnati, suna da nasu ma'aunin, hasarar da suka yi a gobarar baya ce ta sa suka ƙara farashi. A 2023 har doka aka yi ta hana su aiki da taswirar. Amma wa zai gaya wa mutumin da takardar hukuma da ta ƙarin kuɗi suka iske shi cikin wata ɗaya cewa ba ruwan wannan da waccan?

Aka koma aka yi gyara, aka rage matakai zuwa uku, aka yi tarurruka da jama'a, aka sake fitar da taswira a watan Janairu na 2025, wannan karon filaye kimanin 106,000 suka faɗa ƙarƙashin ƙa'idojin. Amma zukata sun riga sun ɓaci. A watan Yuni na 2025 majalisa ta soke taswirar gaba ɗaya tare da wajibcin da ke rataye da ita, Gwamna Tina Kotek kuma ta sa hannu a watan Yuli. Shekara huɗu na aiki da kuɗin jama'a suka tafi, daji yana nan yadda yake, iskar gabas ma ba a soke ta ba.

A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Masanan ba ƙarya suka yi ba, wuraren da suka nuna galibi wuta tana iya cinsu. Masu gidajen ma ba taurin kai ne kawai ya motsa su ba, an taɓa dukiyar da suka tara tsawon rai ba tare da an yi shawara da su ba, aka kuma ɗora musu aiki ba a nuna musu inda za su sami kuɗin yinsa ba.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Ku yi mini haƙuri in ɗan ratse, don ni mai fassara ne, kalmomi kuwa su ne gonata. Sa'ad da nake shirya wannan jawabi na ci karo da wata matsala. Turawa suna da kalmomi biyu waɗanda mu duka muke fassarawa da "haɗari". Ta farko tana nufin halin wurin kansa: yawan ciyawarsa, gangarensa, iskar da ke bi ta kansa, da sau nawa wuta ta saba zuwa. Ta biyu tana nufin hasarar da za ta iya samun wani gida na musamman in wutar ta zo. Ta farko ba ta hannun mai gida, ta biyu kuwa yawancinta a hannunsa take. Mutanen Oregon sun sa wa taswirarsu ta farko suna da kalma ta biyu, alhali abu na farko suka auna, sai da rigima ta tashi suka canja sunan a 2023.

Misali na kusa shi ne bakin kogi. In an ce gulbi yana da zurfi a wuri kaza, ba a ce kowa zai nutse ba. Wanda ya iya ruwa da wanda bai iya ba zurfi ɗaya suka tarar, amma makomarsu ba ɗaya ba ce. Haka taswirar wuta take. Tana faɗin zurfin gulbi ne, ba ta san ko ka iya ruwa ba. Saboda haka in an ce da ni "haɗarin wuri", na yarda hukuma ta fi ni kayan aunawa. In kuwa aka ce "haɗarin gidana", to, sai an zo an gani da ido.

Wanda ba a shafa masa ja ba

Kada kuma mu ɗauka kuskuren taswira gefe ɗaya yake. Jihar Kalifoniya, maƙwabciyar Oregon daga kudu, ta daɗe tana da irin wannan taswira, doka kuma ta wajabta wa mai sayar da gida a wuri mai tsananin haɗari ya sanar da mai saye, ta kuma wajabta share kewayen gida har ƙafa 100, wajen mita 30 ke nan. A watan Janairu na 2025 wuta ta shiga yankin birnin Los Anjalis, ta ƙone gine-gine fiye da 16,000. A garin Altadena, yawancin gidajen da suka ƙone ba sa cikin yankin da taswirar hukuma ta nuna a matsayin mafi haɗari. Iska ce ta ɗebo tartsatsi daga dutse ta watsa cikin gari, sa'an nan gida ya riƙa kunna wa gida. Waɗanda aka shafa musu ja suna kukan an ɓata musu dukiya, waɗanda aka bari fari kuma sun yi barci da minshari.

Akwai kuma shaidar cewa ƙa'idojin da ake ƙi ɗin nan suna da amfani. A watan Nuwamba na 2018 wuta ta cinye wani gari a jihar mai suna Paradise, ma'anar sunan kuwa Aljanna, ta hallaka mutum 85, ta ƙone gine-gine sama da 18,000. Da 'yan jarida suka bi lissafi daga baya, sai suka tarar kimanin rabin gidajen da aka gina bayan 2008, shekarar da aka tsananta ƙa'idar gini, sun tsira lafiya, tsofaffin gidaje kuwa ko ɗaya cikin biyar bai tsira ba. Wani masani na hukumar gandun dajin Amurka mai suna Jack Cohen ya shafe shekaru yana nuna cewa yawancin gidaje ba babban harshen wuta ne ke kama su ba, tartsatsi ne ke faɗawa kan busasshen ganye ko tarkacen da ke jikin ɗaki, don haka abin da ke cikin mita 30 na kewayen gida shi ke yanke hukunci. Duk matar da ta taɓa ganin tartsatsin murhu ya kama zana ta riga shi sanin haka.

Mu dawo gida

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan al'amari, sai dai ta wajen ruwa muka san shi. Kowace shekara kafin damina Hukumar Kula da Harkokin Ruwa ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NIHSA, takan fitar da hasashen ambaliya, ta jera jihohi da ƙananan hukumomi mataki-mataki, sunan Taraba kuwa yakan fito saboda Kogin Binuwai da rassansa. Mutanen Lau, Karim Lamido, Gassol da Ibi ba su manta 2012 da 2022 ba, mutanen garin nan kuma ba su manta ambaliyar watan Agusta na 2005 ba, wadda ta karya gada ta ci rayuka masu yawa. Duk da haka, ku je ku ce wa mai gida a bakin Mayo Gwoi ko Lamurde wurinsa yana da haɗari, tambayarsa ta fari ita ce, "To, ina zan koma, wa kuma zai biya ni?" Tambaya ce ta mai hankali. Muddin hasashe ya tsaya ga sunan ƙaramar hukuma, ba wanda zai yi faɗa da shi. Ranar da ya sauko kan filin mutum, ranar za a san yana da haƙora.

A nan kaɗan ne daga cikinmu ke yi wa gida inshora, saboda haka ba ta wannan ƙofa ciwon zai shigo mana ba. Zai shigo ta farashin fili, da ɗan haya da zai ce a rage masa ko ya tashi, da iznin gini, da banki in ka kai takardar gida jingina. Sa'an nan ga abin da na fi tsoro: dillali marar tsoron Allah ya riƙa yawo da jita-jita cewa an sa unguwa kaza cikin jan launi, za a rushe, don gwauruwa ko ɗan fansho su sayar masa da gida a banza.

Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da doka ta ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana don jama'a. Sashi na 28 ya ba shi ikon soke hakkin zama a fili saboda maslahar jama'a, amma sai da sanarwa a rubuce zuwa ga mai filin, sashi na 29 kuma ya yi tanadin diyya a kan gini da amfanin gona. Ke nan, a ce wuri yana da haɗari abu ne dabam, a karɓe shi kuma abu ne dabam mai tasa hanya. Wanda duk ya zo maka da maganar baka, ka ce ya nuna takarda, ka kuma je ofishin filaye da ƙafarka ka tambaya. Takardun filinka kuwa, ka yi musu kwafi ka ajiye a wani gida, kada wutar da ta ci ɗaki ta haɗa da shaidar mallakarsa.

In har wata rana aka tashi zana mana irin wannan taswira, ko ta wuta ko ta ruwa, shawarata ga 'yan'uwana ma'aikata ita ce a fara da zaman da muke yi yanzu, kada a ƙare da shi. Jauro ya san ta inda wuta ke ɓullo wa ƙauyensa kowace shekara, maharbi da makiyayi sun san kwarin da iska ke bi, tauraron ɗan adam kuwa ba ya bambanta fadamar da ake noman rani da kangon da aka yi watsi da shi a kowane lokaci. A yi bayani da Hausa, da Fulatanci, da Mumuye, da Jukun, ba a manna takardar Turanci a bangon sakatariya a ce an sanar ba. Wanda bai yarda da matakin da aka sa shi ba ya sami wurin kai kuka kusa da shi, ba tare da ɗaukar lauya ba, a kuma turo mutum ya duba da ido. Wanda ya gyara gidansa a rubuta masa cewa ya gyara. Kada kuma a kawo wa talaka umurni ba tare da taimako ba. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna da abin koyi a nan: bayan damina, a yankunan kiwo na Maraɗi, Tawa da Damagaram, akan ɗauki mutanen karkara aiki a biya su, su share dogayen layuka masu faɗi a cikin makiyaya domin wuta in ta iso ta rasa abin ci. Mutum ya sami na cefane, dabba ta sami ciyawar rani.

Abin da ba sai an jira taswira ba

Ina yaro, a ƙauyenmu, wani ƙanen mahaifina ya yi noma mai albarka, ya cika rumbu uku. Wata rana da azahar, cikin watan Janairu, yara masu neman gafiya suka sa wuta a kangon bayan gari. Ba ta ma iso shingensa ba. Iska ce ta ɗauko wani guntun kara mai ci ta jefa kan harawar da ya ɗora bisa rumfa, rumfar kuwa tana jingine da rumbu. Kafin a ɗebo ruwa daga rafi an gama. Maƙwabcinsa, wanda ya fi shi kusa da kangon, ko zanarsa ba ta yi baƙi ba, don shi ya saba share bayan gidansa ƙal tun kaka. Da za a zana taswirar ƙauyen nan, maƙwabcin ne za a shafa wa ja.

To, ga abin da ke hannunmu. A share ciyawa daga jikin gida da rumbu taku talatin ko fiye, a kwashe abin da aka share, kada a tara shi a gindin katanga. Taku biyun farko daga jikin ɗaki su zama ƙasa tsirara, babu itacen girki, babu kara, babu tsohuwar taya. Harawa da karan dawa a yi musu wuri nesa da ɗakin kwana da rumbu. Mai jinka ya fi kowa bukatar wannan, amma mai kwano ma kada ya saki jiki, gama busasshen ganye yakan taru a kwararon rufi, tartsatsi kuma yakan shiga ta ƙarƙashin kwano ya sami silin. Masu ajiye fetur a jarka cikin gida kuwa, sun san kansu. Wanda gidansa ke kan gangaren dutse ya ƙara faɗin sharar ta gefen ƙasa, domin wuta ta fi gudu in tana hawa. Masana sun ce duk ƙarin digiri 10 na tudu yakan ninka saurinta.

Game da ƙuna kuma, tun 2011 akwai ƙa'idojin Gwamnatin Tarayya a kan ƙona daji da ƙuna a fili, waɗanda hukumar kare muhalli ta NESREA ke lura da su, sun kuma hana mutum ya cinna wa daji wuta yadda ya ga dama ba da izni ba. Na san makiyayi yana son sabon tsiro, manomi yana son share saura. Malaman daji sun daɗe da sanin cewa ƙunar farkon rani, sa'ad da ciyawa ke da sauran ɗanye, da sassafe ko da yamma in iska ta kwanta, wuta ce mai sanyi da ake iya tsarewa. Ta watan Fabrairu da rana tsaka kuwa ita ke cin itatuwa da rumbuna. In ƙunar ta zama dole, a nemi izni, a sanar da maƙwabta, a share iyaka tukuna, a tsaya da ɗanyun rassa har ta mutu.

Saura maganar kangon filaye, wadda mutum ɗaya ba zai iya ba. Ina roƙon masu unguwanni, kafin ƙarshen watan nan kowa ya zagaya unguwarsa ya rubuta filayen da ciyawa ta rufe, a nemi masu su ta waya ko ta dillalin da ya sayar musu, a ce su share ko su aiko da kuɗin sharewa. A tsai da rana ɗaya ta aikin gayya don bakin gari. A duba ko motar 'yan kwana-kwana za ta iya shiga lungunan sababbin unguwanni, don na ga inda aka toshe hanya da tulin yashi da bulo wata da watanni. Lambar wayarsu kuma a rubuta ta a ƙofar mai unguwa, da masallaci, da coci, da makaranta.

Shugaba, na ga akwai hannuwa a sama tun ɗazu, musamman daga wajen masu gidajen haya. A ba su dama, ga ni.